Son zaƙi: gado ne ko sabo?

Malam Kabir, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman izinin shugabannin wannan zaure in kawo wata tambaya, tun da yake Allah ya haɗa mana likitoci da malaman kimiyya da dattawa a wuri ɗaya. Kowa ya san cewa a gida ɗaya za a dama kunu a ƙwarya ɗaya, a zuba sukari gwargwado ɗaya, amma wani ya kurɓa ya ce zaƙin ya yi yawa har yana hawa masa kai, wani kuma ya ce lami ne, a miƙo masa ƙari. Mutanenmu sukan ce abin a jini yake, har a riƙa cewa gidan su wane ba a raba su da zaƙi tun kaka da kakanni, wasu kuma suna ganin abin da aka saba wa baki da shi ne kawai. Tambayar tana da nauyi a wurina saboda yawan waɗanda ake ce wa su rage sukari a asibiti su kasa. Idan gado ne, to muna ɗora musu laifin da ba nasu ba, idan kuwa sabo ne, to mu iyaye ne ke da alhakin abin da muke zuba wa 'ya'yanmu a kofi.

Alhaji Mamman, Rafukka:
Wa alaikumus salam, Malam Kabir. Ni a ganina sabo ne, kuma hujjata a fili take. A lokacin ƙuruciyarmu sukari mai ƙwara ne a cikin kwali, ana ajiye shi domin baƙo ko majinyaci, kuma fura da nono haka muke shan ta ba tare da an zuba mata komai ba. Zaƙin da muka sani shi ne na takanɗa da rake da mazarƙwaila da garin ɗorawa, sai ɗinya da kanya da goruba idan lokacinsu ya yi, kuma kowannensu sai ka tauna, ka tsotsa, ka wahala kafin ka same shi. Yau jikokinmu ba sa karɓar fura sai an zuba mata cokali uku ko huɗu. Jinin da ke jikinsu namu ne, bai canza a cikin shekara 60 ba. Abin da ya canza shi ne kasuwa da kanti da abin da ake ɗora wa yaro a harshe tun yana goye.

Malam Sanusi, malamin ilimin halittu, Daura:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Hujjarka tana da ƙarfi, domin babu wani masani da zai ce ƙwayoyin gado na al'umma guda sun juye a cikin ƙarni ɗaya. Amma ina so in nuna cewa jin zaƙin kansa yana da tushe a gado, kuma an san wurin da tushen yake. A kan harshe akwai ƙananan ƙwayoyin ɗanɗano, kuma a jikin wasu daga cikinsu akwai wani makarɓi da aka haɗa da furotin guda 2, wanda idan sukari ya taɓa shi sai ya aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin gado guda 2 ne ke ɗauke da umarnin gina wannan makarɓi, ana kiran su TAS1R2 da TAS1R3, kuma a shekarar 2001 aka tabbatar da aikinsu. Sukarin rake da na zuma da na dabino, har da sinadaran zaƙi na kamfani, duk ta wannan ƙofa ɗaya suke shiga.

Shaidar da ta fi gamsar da ɗalibaina tana nan a tsakar gidajenmu. Kyanwa ba ta jin zaƙi. A 2005 masana a cibiyar Monell da ke Filadelfiya a Amurka sun gano cewa TAS1R2 ɗinta a lalace take, wani yanki ya ɓalle daga cikinta, don haka makarɓin ba ya ginuwa, kuma haka lamarin yake ga manyan danginta na dawa. A 2012 aka gano irin wannan lalacewa a jikin kura da wasu dabbobin da nama kaɗai suke ci. Kaza ma ba ta da wannan ƙwayar gado sam. Kare kuwa yana da ita lafiya lau, shi ya sa yake lashe abin zaƙi. Idan ka ga kyanwa tana shan madarar da aka zuba wa sukari, maiƙon da ke ciki ne ya jawo ta. Wannan yana nuna cewa gado da cima sun daɗe a ɗaure da juna, domin dabbar da ta bar cin 'ya'yan itace tsawon zamani ta rasa abin jin zaƙinsu, kuma rashin bai cutar da ita ba.

Alhaji Mamman, Rafukka:
Malam Sanusi, na ƙaru da wannan bayani, amma ka ba ni bambancin da ke tsakanin kyanwa da kare ne, alhali tambayar Malam Kabir a kan 'yan uwa ce da suka fito ciki ɗaya. Dukkanmu 'yan Adam muna da wannan makarɓi da kake faɗa. To me ya raba wa da ƙane a kan kofin kunu ɗaya, in ba sabo ba?

Dakta Maryam, Katsina:
Baba Alhaji, wannan ita ce tambayar da ta dace, kuma da tagwaye aka nemi amsarta. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya gadonsu kusan ɗaya ne baki ɗaya, waɗanda suka fito daga ƙwai 2 kuwa rabin gado suke tarayya a kai, kamar sauran 'yan uwa, amma duka biyun a gida ɗaya suke tashi, abinci ɗaya suke ci. Idan na farkon suka fi na biyun kama da juna a wani hali, to an san gado yana da hannu. A 2015 aka wallafa wani bincike da aka yi a Ostareliya a kan mutane kimanin 1,900, mafi yawansu tagwaye, inda aka ba su ruwa mai nau'in zaƙi 4 suka faɗi ƙarfin zaƙin da suka ji. Sakamakon ya nuna cewa kimanin kashi 30 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane daga gado yake. Wani abin lura kuma shi ne cewa cin abinci a gida ɗaya bai sa tagwayen sun ƙara kama da juna ba a wajen jin ƙarfin zaƙi. Ragowar kashi 70 ɗin ya ƙunshi abin da ya keɓanta da kowane mutum, kamar lafiyarsa da shekarunsa da abin da ya ci kafin gwajin, har da kuskuren awo.

Sai dai ina roƙon zaure ya raba abubuwan da muke cakuɗawa. Ƙarfin zaƙin da harshe yake ji daban ne da yawan zaƙin da rai yake so, kuma dukansu daban ne da yawan sukarin da mutum yake sha a yini. Akwai wanda harshensa yake jin zaƙi sosai kuma yana son sa a haka, akwai wanda ba ya ji sosai kuma bai damu da shi ba. Maganar Baba Alhaji ta fi ƙarfi a kan na ƙarshen, wato yawan sha, domin shi ne ya dogara da kuɗi da kasuwa da al'ada.

Fa'iza, ɗalibar jami'a, Sabuwar Unguwa:
Dakta, ina da tambaya a kan wani bincike da aka ambata mana a aji. An ce a 2009 wasu masana a Amurka sun gano 'yan bambance-bambance kusa da TAS1R3 waɗanda ke rage ƙarfin jin sukari, kuma nau'in da ke rage jin ya fi yawa a tsakanin mutanen Afirka kudu da Sahara, ya fi ƙaranci a tsakanin Turawa. Shin wannan yana nufin mu a nan harshenmu ba ya jin zaƙi sosai, shi ya sa shayinmu ya fi nasu sukari?

Malam Sanusi, Daura:
Ƙanwata Fa'iza, binciken gaskiya ne an yi shi, amma a yi hattara da abin da za a gina a kansa. Mutum 144 kacal aka gwada, kuma masu binciken sun ce bambancin ya bayyana kashi 16 cikin 100 na saɓanin da ke tsakanin waɗannan mutane. Daga baya an yi manyan bincike da dubban mutane waɗanda ba su ga wannan tasiri da irin wannan ƙarfi ba. Sannan Afirka ita ce nahiyar da ta fi kowace yawan bambancin gado a tsakanin mutanenta, don haka ba daidai ba ne a ɗauki 'yan mutane kaɗan a ce sun wakilci Bahaushe da Bafulatani da Babarbare da mutumin Habasha gaba ɗaya. Abin da ke damuna matuƙa shi ne cewa kusan duk manyan binciken da muke ambatawa a kan Turawa aka yi su. Muna da jami'o'i a Katsina da Dutsin-ma, muna da tagwaye a kowace unguwa, kuma gwajin ɗanɗano ba ya bukatar wasu injuna masu tsada, ruwa ne da sukari da sikeli mai kyau da haƙuri. Ina fata ɗalibai irinki su ɗauki wannan aiki.

Nura mai shayi, Ƙofar Ƙaura:
Ina gaida manya. Ni ba masani ba ne, amma sana'ata ta sa ina ganin bakin mutane kowace safiya da kowane dare, kuma akwai abin da na lura da shi. Mutum ɗaya ma ba kullum yake jin zaƙi iri ɗaya ba. Wanda ya fara cin burodi mai zaƙi ko ya zo da alkaki a hannunsa, idan na ba shi shayinsa na kullum sai ya ce yau ban sa sukari ba, alhali da cokali ɗaya nake aunawa kuma ban rage komai ba. Wanda ya gama cin goro kuwa ya kurɓi ruwa, zai gaya maka ruwan yana da zaƙi. Sannan lemon kwalba idan ya huce ya bar sanyi mutane sukan ce zaƙinsa ya yi yawa, amma da sanyinsa sai su shanye ba su ce komai ba. Akwai kuma wasu 'yan uwa guda 2 da suke zama a benci na, uwa ɗaya uba ɗaya, babban yana cewa in zuba har sai ya ga sukarin ya kwanta a ƙasan kofi, ƙaramin kuwa rabin cokali ya ishe shi, kuma tun suna samari haka suke.

Malam Sanusi, Daura:
Malam Nura, abin da ka faɗa duk yana da bayani. Idan makarɓin zaƙi ya daɗe yana aiki a kan abu mai zaƙi sosai, sai ƙarfin saƙonsa ya ragu na ɗan lokaci, don haka abin da ya biyo baya sai ya zama kamar lami, kuma ƙwaƙwalwa takan auna kowane ɗanɗano ne da wanda ya gabace shi. Batun sanyi kuwa, a cikin ƙwayar ɗanɗano akwai wata mashiga da ake kira TRPM5 wadda ta fi buɗewa idan abu yana da ɗumi, kuma an nuna hakan a 2005. Wannan yana da hatsari a wuri mai zafi irin namu, domin a watannin bazara mutum zai shanye lemo mai ƙanƙara ba tare da harshensa ya faɗa masa gaskiyar sukarin da ke ciki ba.

Alhaji Mamman, Rafukka:
To ai maganar Nura tana goyon bayana ne. Idan harshe yana canzawa a cikin minti kaɗan saboda alkaki, me zai hana ya canza a cikin shekaru saboda shayi? Na san mutane da dama waɗanda likita ya hana sukari, bayan wani lokaci ko an ba su lemo ba sa iya shanyewa.

Dakta Maryam, Katsina:
Baba, a nan ne lamarin ya fi ɗaukar hankali, domin an gwada wannan ɗin kai tsaye, kuma sakamakon ya ba ka gaskiya a wani ɓangare, ya hana ka a wani. A 2016 cibiyar Monell ta wallafa wani gwaji da aka sa wasu manyan mutane suka rage kashi 40 cikin 100 na sukarin da suke sha har tsawon wata 3. Kafin wa'adin ya cika sun fara cewa abincin gwajin da ake ba su ya fi zaƙi a bakinsu, idan aka kwatanta da waɗanda ba su rage ba. Wannan shi ne abin da ka gani ga mutanen da ka ambata. Amma da aka tambaye su gwargwadon zaƙin da ya fi yi musu daɗi, bai sauya ba, kuma da aka sake su suka ci abin da suke so, sai suka koma kusan inda suka fito. A 2025 kuma masana a jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan sun bayyana sakamakon gwajin mutum 180 da aka kasa gida 3, aka ciyar da su abinci mai zaƙi da yawa ko matsakaici ko kaɗan har wata 6, kuma son zaƙinsu bai motsa ba. Gishiri ba haka yake ba, domin tun 1982 aka nuna cewa wanda ya rage gishiri na 'yan watanni yakan koma yana son kaɗan ɗin da gaske.

Abin da nake fahimta daga wannan, kuma shi nake gani a ɗakin duba marasa lafiya, shi ne cewa sabo yana koya mana wane abinci ne ya kamata ya yi zaƙi, ya kuma koya mana sau nawa za mu nemi zaƙin a yini, amma bai cika tumɓuke son zaƙin daga tushe ba. Jikan Baba da ya ƙi fura sai da sukari ya koyi cewa fura abin zaƙi ce, amma shi ɗin ba zai yarda a zuba masa sukari a miyar kuka ba. Saboda haka ba na yi wa majinyaci alkawarin cewa zai daina sha'awa. Ina gaya masa cewa shayi mai cokali ɗaya zai daina zama lami a bakinsa idan ya jure, kuma abin da ya fi taimako shi ne kada lemo da biskit su kwana a ɗakinsa.

Hajiya Indo, Daura:
Ina yi wa zaure sallama. Sana'ata kayan gara ce, alkaki da nakiya da dubulan, kuma a hannun mahaifiyata na koya. Abin da zan iya shaida shi ne cewa masu saye sun canza. A da alkaki idan aka soya shi, ana tsoma shi a zuma ko a narkakkiyar mazarƙwaila ya ɗan sha a tsame, yana da ɗan tsamin kwanan da ƙullin ya yi, kuma wannan tsamin ne daɗinsa. Yanzu uwar amarya za ta ce a dafa sukari ya yi kauri har ya daskare fari a jikinsa, in ba haka ba dangin ango za su ce an yi rowa. Haka kunun zaƙi, mu da busasshen dankali muke niƙa shi, a bar shi ya kwana, da safe ka ji zaƙinsa a hankali ba tare da an zuba sukari da yawa ba. Malam Sanusi, ina so ka gaya mini daga ina wannan zaƙin yake fitowa, tun da gero shi kansa ba shi da zaƙi. Amma fa batun gado ban yi watsi da shi ba, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma a cikin 'ya'yana na ga wadda ta ɗauko kakarta sak, ko nakiya ba ta iya cin dunƙule guda.

Malam Sanusi, Daura:
Hajiya, ranki ya daɗe. Sitacin da ke cikin gero da dawa ba komai ba ne face sukari da aka ɗaure a dogayen sarƙoƙi, kuma saboda girmansu ba sa shiga makarɓin zaƙi. Dankali yana ɗauke da wani sinadari da ke yanyanka waɗannan sarƙoƙi su koma ƙananan sukari, haka ma hatsin da aka bari ya tsira, don haka iyayenmu mata sun daɗe suna fitar da zaƙi daga cikin hatsin kansa. Irin wannan sinadari yana cikin yawun bakinmu, shi ya sa idan aka daɗe ana tauna burodi ko tumu sai a fara jin zaƙi. A nan ma gado ya shigo, domin ƙwayar gadon da ke samar da shi, AMY1, ba adadi ɗaya kowa yake da ita ba, wani yana da kwafi 2, wani yana da fiye da 10. Wani bincike na 2007 ya nuna cewa al'ummomin da suka daɗe suna rayuwa a kan abinci mai sitaci sun fi yawan kwafi a matsakaici.

Malama Hadiza, ungozoma, Ƙofar Sauri:
Ina so in mayar da mu ga jarirai, domin a wurinsu ne ake ganin abin da aka zo da shi daga ciki. Jaririn da bai taɓa ɗanɗana komai ba, idan abu mai zaƙi ya taɓa harshensa fuskarsa takan saki ya fara tsotsa, idan mai ɗaci ne kuwa ya yamutsa fuska ya tura shi waje. Nonon uwa yana da sukarinsa na halitta, kimanin giram 7 a kowane mililita 100, ya fi na saniya. Saboda haka son zaƙi ba mu muke koya wa yaro shi ba, kuma an tabbatar cewa yara sun fi manya son zaƙi mai ƙarfi har sai sun gama girma. Amma akwai namu hannun. A 1982 an nuna a Amurka cewa jariran da aka saba ba su ruwan sukari a watannin farko sun fi shan sa da suka kai wata 6, idan aka kwatanta da waɗanda ba a ba su ba. Har yanzu ina samun gidajen da ake ba jariri ruwan sukari ko zuma kafin nono ya kawo, kuma ina roƙon a daina. Nonon farko mai kauri shi ne abin da yake bukata, nono zalla har wata 6, zuma kuwa ba a ba yaron da bai cika shekara 1 ba, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri.

Ustaz Bashir, Gobarau:
Malama Hadiza, Allah ya saka da alheri. Domin kada wani ya fahimci cewa maganarki ta ci karo da sunna, ina so in fayyace cewa abin da ya inganta a tahniki shi ne a tauna dabino ya yi laushi a shafa ɗan kaɗan a dasashin jariri, ba a ɗura masa ruwan sukari a kofi ana maimaitawa kwana da kwanaki ba. Ya kuma inganta daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son abin zaƙi da zuma, don haka son zaƙi ba aibi ba ne, kuma bai dace a riƙa muzanta wanda Allah ya halitta da shi ba. Abin da aka hana shi ne wuce iyaka a ci da sha. Tambayata ga Dakta ita ce, mece ce iyakar a ma'aunin likitoci?

Dakta Maryam, Katsina:
Allah ya gafarta Malam, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni a 2015, cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha, haɗe da zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse, kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini. Ga babban mutum wannan kimanin giram 50 ne, wato ƙaramin cokalin shayi 12, kuma hukumar ta ce idan aka sauko zuwa rabin haka ya fi. Yawancin lemon kwalba yana da giram 10 zuwa 11 a kowane mililita 100, don haka roba ɗaya mai rabin lita ta cinye kason yini duka, tun ba a zo kan shayi da kunu da zoɓo ba.

Ina so in ƙara wani abu a kan gado wanda bai shafi harshe ba. Hanta tana fitar da wani sinadari mai suna FGF21 bayan an sha sukari, wanda yake isar wa ƙwaƙwalwa cewa ya isa haka. A 2017 wani bincike a kan mutanen Denmak kimanin 6,500 ya nuna cewa masu wani nau'i na ƙwayar gadon wannan sinadari sun fi cin alewa da makamantanta. Akwai kuma wata lalura ta gado da ba ta da yawa, wadda hantar mai ita ba ta iya sarrafa sukarin 'ya'yan itace, yana sha sai amai da jiri, kuma irin waɗannan mutane sukan tashi da ƙin zaƙi tun suna yara, haƙoransu ma ba su cika ruɓewa ba. Don haka yarinyar Hajiya Indo da ba ta iya cin nakiya, da mutumin Malam Nura mai son sukari ya kwanta a kofi, mai yiwuwa bambancinsu bai tsaya a baki ba.

Fa'iza, Sabuwar Unguwa:
Dakta, to me za a ce game da sinadaran da ke maye gurbin sukari? Wasu masu zoɓo da kunun sayarwa suna amfani da sakarin saboda tsadar sukari. Ni ina jin wani ɗaci a ƙarshensa har ba na iya sha, amma ƙawata ta ce ba ta jin komai sai zaƙi.

Malam Sanusi, Daura:
Ku duka biyun gaskiya kuka faɗa. Sakarin, wanda aka gano tun 1879, ya fi sukari zaƙi kimanin sau 300, amma ban da makarɓin zaƙi yana kuma taɓa wasu makarɓan ɗaci, kuma waɗannan sun bambanta daga mutum zuwa mutum gwargwadon gado. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da irin waɗannan sinadarai domin rage ƙiba, kodayake shawarar ba ta haɗa da masu ciwon sukari ba. Abin da nake so matasanmu su sani shi ne cewa wasu daga cikin abubuwan da suka fi ba masana mamaki a wannan fanni daga Afirka ta Yamma suka fito. Akwai wani ɗan itace ja da Yarabawa ke kira agbayun, wanda idan aka tsotse shi sai lemon tsami ya koma mai zaƙi a baki har kusan awa guda, saboda furotin ɗinsa yana manne wa makarɓin zaƙi ya kunna shi idan tsami ya zo. Tsiron da ake naɗe alala da faffaɗan ganyensa a kudancin ƙasar nan ma, 'ya'yansa suna da furotin da ya fi sukari zaƙi kimanin sau 2,000, kuma kamfanonin abinci na duniya suna amfani da shi.

Alhaji Mamman, Rafukka:
Na karɓi kashi 30 ɗin Dakta, amma ina nan a kan cewa abin da ke cika asibitoci ba shi ba ne. Mai son zaƙi a zamaninmu yana nan, sai dai iyakarsa ya sayi kara ɗaya na rake ya zauna ya sha, ya tashi muƙamuƙinsa ya gaji. Yau a kowace kwana akwai firji. Gwamnati ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a 2022, kuma da irin tsadar da ake ciki wannan kuɗi bai isa ya sa kowa ya fasa saye ba.

Malam Kabir, Ƙofar Marusa:
Dakta, saura tambaya ɗaya da wani dattijo ya aiko mini ta gefe, ya ce in yi masa ita. A 'yan watannin nan ya ga yana ƙara sukari a shayi fiye da yadda ya saba, kuma yana yawan sha'awar abin sha mai sanyi da zaƙi. Mahaifinsa ya yi ciwon sukari. Yana so ya san ko gadon ne ya taso masa.

Dakta Maryam, Katsina:
Malam Kabir, ka gaya masa cewa gadon ɗanɗano ba ya tasowa rana tsaka, tun ƙuruciya ake tare da shi, don haka canjin da ya zo a cikin 'yan watanni yana bukatar a nemi dalilinsa. Jin ɗanɗano da ƙamshi yana raguwa da shekaru, kuma mura mai tsanani da bushewar baki da ciwon haƙori da shan taba da wasu magunguna duk suna iya dusashe shi. Amma gadon ciwon sukari abu ne dabam da gadon son zaƙi, kuma wanda mahaifinsa ya yi ciwon yana cikin hatsari ko da ba ya son zaƙi ko kaɗan. Idan yana fama da yawan ƙishirwa, da yawan fitsari musamman da dare, da rama ko kasala ko dishi-dishin gani, kada ya kashe ƙishirwar da lemo, domin hakan yana ƙara hura wutar. Ya je asibiti mafi kusa da safe kafin ya ci komai, bayan ya yi aƙalla awa 8 rabonsa da abinci, a auna sukarin jininsa. Idan awon ya kai 126 a ma'aunin miligiram, wato 7.0 a ɗaya ma'aunin, za a maimaita shi a wata rana domin a tabbatar, kuma ya tafi da duk magungunan da yake sha a nuna wa likita.